Fuskar Baba Isaka

Har gobe ban manta ranar da aka kira ni zuwa unguwar Ayigya Zango in ɗauki hoton Baba Isaka ba. Washegarin ƙaramar Sallah ce, lokacin ban daɗe da buɗe shagona a Dichemso ba.

Baba Isaka tsohon ɗan kasuwar goro ne, kuma tun yana saurayi bai yarda da hoto ba. Ko waya aka ɗaga masa sai ya kau da kai. 'Yarsa Rukayya tana Italiya shekara da shekaru, ba ta da takardun da za ta zo ta koma, muryarsa kawai take ji. Da ciwo ya kwantar da shi ta aiko masa da farar babbar riga mai aiki, ta yi ta kuka a waya har ya sassauta. Ya ce sau ɗaya za a danna, kuma ba a haska masa fitila a ido.

Na same shi a bakin ƙofar ɗakinsa sanye da rigar. Da ƙyar aka zaunar da shi, ba halin a matsa da shi. Rana ta faɗa kan rigar tana ƙyalli, fuskar kuma tana cikin inuwar rumfa.

Ku sababbin shiga sana'ar hoto, ku saurara. Kyamara ba ta san mutum ba, haske take aunawa. In ka bar ta ta auna fili duka, farin riga zai ruɗe ta, ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta koma duhu. Akwai awon da ke fifita tsakiya, amma nan ma rigar ce ta cika wurin. Na ƙarshe shi ne awon ɗigo: ka nuna mata wuri ɗan mitsitsi, ta bi shi ta bar sauran.

Babban ɗansa Awudu ya raɗa mini, "Masa mai hoto, ka sa aikin rigar ya fito paa, sosai da sosai. Rukayya ya ga kayanshi ya iso."

Na san wannan hasken ba zai ba ni biyun ba. Na ɗora ɗigon a kumatun tsohon, na ɗan rage hasken kaɗan don kada fatar ta yi toka-toka. Na ce, "Baba, Rukayya ce ke kallon ka." Ya ɗago ido, na danna.

Awudu ya leƙa kyamarar, ransa ya ɓaci. "Ina aikin? Ba komi koraa, ko kaɗan, fari kawai!" Gaskiyarsa ne, zaren ya narke cikin haske. Amma tsagar kumatun Baba ta fito, da furfurar gemunsa, da ruwan da ya taru a idonsa. Ban yi musu ba, na tura masa hoton a waya.

Kafin babbar Sallah Allah ya karɓi abinsa, Baba Isaka ya rasu. Bayan addu'ar bakwai wata baƙuwar lamba ta kira ni. Rukayya ce. Na fara ba ta haƙuri a kan rigar, ta katse ni.

"Riga ni na saya, na san shi. Fuskan Baba ne na fara mantawa."

Hawaye ya zo mini.

Shi ya sa nake takura muku a kan awon haske har kuna ce mini mai mita. Mutanenmu baƙaƙe ne, kuma ranar farin ciki da ranar makoki fari suke sawa. Kafin ka danna, ka tambayi kanka wa zai riƙe hoton nan, kuma me zai nema a ciki idan mai shi ba ya nan.