Takardun Ɗan Fari a Cikin Akwati

Jiya ina tsaye a shagon Madam Rahila a Bekaji, tana buga mini sabuwar takardar binciken ɗana na fari. Shi likitan zuciya ne a ƙasar waje, yana ɗaukar hoton jijiyoyi ya buɗe waɗanda suka toshe.

Ni a sakandare na tsaya, kuma da hannuna na gina garejina. Turancin ya fi ƙarfina. Layin farko kawai nake dubawa, inda sunansa yake, nawa na biye a matsayin sunan uba.

Ta ce, "Baaba, kullum kana buga su, ban taɓa jin ka faɗi sunansa ba. Ya san kana tarawa?"

Na ce, "A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, balle a yaba masa."

Ta ce, "To ta yaya zai sani?"

Na dawo gida na sa ta cikin akwati tare da sauran. Rabon da mu yi waya tun ƙaramar salla, ranar ma ruwan sama na tambaye shi.

Lambarsa na gabana yanzu. Iyaye maza, da wace kalma ake farawa?