Yadda Rahila Ta Koyi Saurare

Rahila 'yar Takieta ce, aure ya kawo ta Zinder wajen Yakuba mai gyaran moto. Ƙuli-ƙuli take soyawa, ta kai man gyaɗa kasuwa. Mace ce mai fara'a, ga ayoyin Littafi Mai Tsarki a ka, sai dai bakinta ba ya hutawa. In ta fara addu'ar cin abinci, sai tuwo ya huce.

Shekarar da matan majami'arsu suka zaɓe ta shugabar zumunta, tsohuwar shugaba, Inna Tabita, wadda ta yi ritaya daga aikin ungozoma, ta ce mata, "'Yata, kowace Talata ki biyo mini, mu zaga gaida marasa lafiya."

Suka fara da Lidiya, wata gwauruwa da ta karye a ƙafa. Tun kafin Rahila ta gama zama ta ɗauko labarin Ayuba, ba ta dire shi ba sai da Lidiya ta fara gyangyaɗi. Inna kuwa tana gefe tana yi wa majinyaciyar tsifar kai, suna 'yar magana ƙasa-ƙasa.

A hanya Inna ta tambaye ta, "Me ke damun Lidiya?"

"Ƙafa mana, Inna."

"Ƙafa ai ɗori ya kama. Geronta ne ya nuna a Gouna, ba mai yanke mata. Kwana huɗu ke nan abin na cin ta."

Kunya ta rufe Rahila. Inna ta yi dariya, ta dafa ta. "Wa'azinki da daɗi. Amma in kin shiga gida, ki sha ruwa, ki yi tambaya ɗaya, ki jira."

Ranar Asabar Rahila ta cika mota da mata da mazansu, suka je suka yanke geron tas, ana waƙa.

Jiran nan da Inna ta ce ta riƙa yi ya ba ta wuya. Watanni ta yi tana cizon bakin mayafi, Inna na zungurarta da gwiwar hannu. A hankali mutane suka soma buɗe mata ciki. Da mijin maƙwabciyarta Fati ya rasu, ko da yake gidan Musulmi ne, kwana uku Rahila na can tana daka tana ɗauraye kwanuka. Har yau Fati "Yaya" take ce mata.

Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da Inna a gida. Rahila ke zagayen, tare da wata malamar lakwal, wato makarantar boko, Naomi, mai kunyar tsiya, wadda ko addu'a aka ce ta yi sai murya ta maƙale. Rahila ta kai ƙara wajen Inna.

"Ita wannan yaya zan yi da ita?"

"Ranar Talata ki ce maƙogwaronki na ciwo, ki bar mata addu'ar."

"In yi ƙarya, Inna?"

"To, ki kwana kina yi wa Yakuba hira, ya zama gaskiya."