Jan Fentin Da Na Sa Aka Yaɓe

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san labarin a Gwandu sun san ni, waɗanda ba su sani ba kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Na rubuta wannan ne saboda 'yan mata irina da suka gama sakandare suka zauna suna jiran abin yi. Har yau idan hadari ya haɗo gabana faɗuwa yake.

Ni 'yar manomin albasa ce. A gidanmu ba a taɓa kai kowa gaban hakimi ba, balle ofishin 'yan sanda. A makaranta an san ni da kyan rubutu, ni malamai ke sa wa in rubuta sunaye a allo. Da na gama, ba halin ci gaba, sai Baba ya yarda in koma Kalgo wurin gwaggona. A can na samu aiki a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, ina buga takardu ina yin fotokwafi. Ina son aikin. Ina jin daɗi idan tsoho ya miƙo min takarda ya ce, "Malama, karanta min."

A shagon na haɗu da mutumin da kowa ke kira Injiniya. Kullum da hular kwano rataye a babur, da tef ɗin awo a aljihu. Ran farko takardar izinin gini ya kawo, irin wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Ya ce akawu ya yi kuskure a sunan mai fili, in gyara masa harafi biyu a kwamfuta. Na gyara. Ya saya min katin waya. Bayan kwana uku ya dawo, wannan karon lambar fuloti ce. Na ce, "Yallaɓai, wannan ba a ofis ya kamata a gyara ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malama, ai ni ne ofis ɗin." Na gyara. Kafin wata ya ƙare ina da takardar wayam a kwamfuta, da hatimi da komai, suna kawai ake cikewa. Zuciyata ta gaya min. Ba zan ce ba ta gaya min ba. Amma na sayi sabon hijabi, na aika wa Mama turmin atamfa, sai na daina saurarenta.

Sai daga baya na gane yadda sana'arsa take. Shi ba ma'aikacin kowa ba ne. Idan ma'aikatan gaskiya suka zagaya suka ga bangon da ke shirin faɗuwa, ko ginin da ya tare hanyar ruwa, sukan zana masa alama da jan fenti, su ce a rushe ko a zo ofis. Injiniya sai ya bari su tafi, ya biyo bayansu. Ya ce wa mai gida an sake duba maganarsa, ga takarda, ya kawo abin da ya sawwaƙa, ya goge jan.

Matsalarsa ɗaya ce. Da damina maza suna gona tun safe, shi kuma namiji ba ya wuce zaure. Ya ce min, "Mace ake so. Ke sallama ɗaya za ki yi ki shige har uwar ɗaka." Ya kawo min wata 'yar riga mai ɗaukar ido in ɗora a kan hijabi. Katin shaida kuwa ni na haɗa shi da hannuna, da hotona a jiki. Ya koya min yadda zan ja tef, in ƙwanƙwasa bango, in ɓata fuska, in rubuta wani abu a littafi. Mata suna ganina sai su ce duba-gari ta zo, su shimfiɗa min tabarma. Shi yana can gindin bishiya a kan babur, yana danna waya.

Da muka gama da gida na shida ko bakwai na ce masa na daina. Muna tsaye bakin titi da rana tsaka. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "To. Amma tsaya in tambaye ki. Rubutun wa ke jikin takardun nan? Hoton wa ke jikin kati? Matan nan fuskar wa suka sani? Ni akwai gidan da na taɓa shiga?" Na tsaya ina tunani, na ga babu. Ya ce, "Ranar da kika daina, ranar zan aika wa babanki kwafi ɗaya." Na hau babur ɗin.

Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya kai ni Gwandu. Ya yi ta kai ni unguwannin Kalgo, har wata Talata ya ce an zuba jan fenti da yawa a wata unguwa a Gwandu, dole mu je. Na ja hijabi har kan gira. Gida na biyu da na yi sallama, wata tsohuwa tana suyar ƙuli a tsakar gida ta ɗago ta dube ni.

"Wa nika gani haka? Ba ɗiyar Malam mai albasa ba? Lalle, lalle! Ashe aiki anka ba ki?"

Inna Hajo ce. Ita ta yi wa Mama wankan jego lokacin da aka haife ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna can kudu wurin neman abinci, ita kaɗai ce a gidan. Ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗakinta. Ɗakin laka ne, bayansa yana bakin magudanar unguwa, ruwa ya cinye gindin bangon. Ga jan fentin nan ƙato. Ta ce, "Cewa sunka yi in rushe shi kafin ruwa ya yi ƙarfi. Tun ran da sunka zana abin nan a madafi nika kwana, hayaƙi duk ya gama da ni. Da mi zan sake gini? Amma tunda Allah ya kawo ki, ke tawa ce. Duba min, ki gaya min gaskiya."

Na ja tef. Na ƙwanƙwasa. Akwai wata tsaga da ta taso daga ƙasa har kusa da rufi. Ban san abin da ya sa ba, na zura birona a ciki. Ya shige duka, sai murfin a hannuna. Ban karanci gini ba, amma ko yaro ya san abin da wannan ke nufi. Wayata ta yi ƙara a jaka, Injiniya ne. Na san idan na fita hannu wofi zai tambayi dalili. Na san kuma idan na ce a rushe, Inna za ta tafi ofis ta ce ɗiyar wane ma ta duba, a ce wace ce haka.

Na ce, "Inna, bangon nan zai kai shekara biyar."

Na cike takarda, na sa hannu. Na ce ta sa a kwaɓa laka a yaɓe jan da tsagar gaba ɗaya. Ta shiga ɗaki ta kwance bakin zane ta ba ni abin da ke ciki, ta ƙara min da ƙuli mai zafi a leda. Ta yi ta sa min albarka har zaure. "Yau zan kwana a gadona," in ji ta.

Kwana goma sha biyu ne tsakanin ranar da abin da ya biyo baya, kuma ban taɓa shiga ƙunci irin nasu ba, har da zaman gidan yari. Idan na ga gabas ta yi baƙi sai in bar aiki in fito bakin shago ina kallonta. Na ce wa Injiniya mu koma mu gaya mata. Ya ce, "Je ki. Ki fara biyawa ta wurin 'yan sanda ki rage musu wahala." Na yi niyyar kiran Mama in ce ta je ta hana Inna kwana a ɗakin. Kafin in kira sai ga kiranta, murya cike da murna. "Ke, ashe gwamnati ta ɗauke ki aiki kinka ɓoye muna? Inna Hajo ta zo har gida. Babanki tun jiya bakinsa bai rufu ba, har a masallaci ya faɗa." Na ce, "Eh, Mama, ina jira ne a tabbatar." Na kashe waya, ban faɗa mata ba.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Gwandu da niyyar in faɗa mata ko me zai faru. Na sauka a tasha. Wani abokin Baba ya hango ni ya ɗaga hannu, "A'a, ma'aikaciya! Allah shi ƙara girma." Na gaishe shi, na tsallaka titi, na shiga motar komawa Kalgo. Tafiyar minti goma ce daga tasha zuwa gidan Inna. Na sha auna ta a raina.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Inna tana cikin ɗaki ta idar da salla, tana zaune a kan darduma. Bangon ya kwanto ciki. Maƙwabta suka tone ta da fartanya da hannu. Ta rayu, amma ƙugunta ya karye, kuma daga ranar ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Da ma'aikatan gaskiya suka zo suka ce ai sun yi mata gargaɗi, sai aka ciro takardata daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda, ko jiƙewa ba ta yi ba. Washegari da hantsi 'yan sanda suka same ni a shago ina buga wa wani takardar haya. Na ba su lambar Injiniya, a kashe. Suka ce sunansa fa? Sai a lokacin na gane ban sani ba. Wata biyar ina hawa bayan babur ɗinsa, ban san sunansa ba, ban san gidansa ba.

A kotu alƙali ya tambaye ni ko na ga alamar bangon zai faɗi. Baba yana zaune a baya, kansa a ƙasa. Na ce ban gani ba, ni ban san gini ba, abin da aka ce in faɗa na faɗa. Aka yanke min shekara ɗaya da rabi. Ba zan ja labarin gidan yari ba. Ɗakinmu yana da wata 'yar taga sama, ta nan nake ganin hadari. Idan aka fara ruwa sauran mata suna murnar sanyi, ni sai in koma tsakiyar ɗaki in zauna nesa da kowane bango. Suka riƙa ce min mai aljanu. Mama ta zo sau uku. Baba bai zo ba, amma kowane zuwa sai ta ce ya ce a gaishe ni, ni kuma na san ita ce ke ƙarawa.

Da na fito na koma gidanmu a Gwandu, na yi mako biyu ban leƙa ƙofar gida ba. Wata safiya Baba ya tsaya a bakin ɗakinmu, bai shigo ba, ya ce, "Gwamnati kin biya ta. Saura mai haƙƙi." Iyakar maganar da ya yi min ke nan tun da na dawo.

Na tarar da Inna a madafin nan dai, an share shi an sa mata katifa. Inda ɗakinta yake da, tudun ƙasa ne, har kabewa ta fito a kai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago ta dube ni. Na zaci zagi ne zai biyo, da ma shi na fi so.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji ta. "Kin ga tsagar?"

Na ce, "Na gani, Inna."

"An ce a kotu cewa kinka yi ba ki gani ba."

"Ƙarya na yi."

Ta gyaɗa kai. "Ina tsaye bayanki sanda kinka sa biro ya shige. Na gani da idona. Sai na ce a raina, ƙila haka masu boko ka auna bango."

Na fashe da kuka. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Yafiya ba zan ce miki yau ba, don in na faɗa ƙarya na yi, kuma ƙarya ta ishe mu a gidan nan. Amma ba ni da mai juya ni da safe. In kina iyawa, ki zo."

Wata huɗu ke nan ina zuwa. Ina juya ta, in yi mata wanka, in kwashe abin da ya kamata a kwashe. Wata rana tana yi min hira har da dariya, wata rana ko kallona ba ta yi. Har yanzu ba ta faɗi kalmar ba, ni kuma ban sake roƙo ba. Ina tuba ga Allah kullum, amma na san haƙƙin yana hannunta.

'Yan'uwana, musamman ku da kuke zaune gaban kwamfuta a shagunan mutane: duk wanda ya kawo muku takardar hukuma ya ce ku gyara harafi ɗaya, ku miƙa masa abarsa, ku ce ya koma inda aka ba shi. Idan kun riga kun fara, ku faɗa wa iyayenku yau, kunyar yau za ta wuce. Ni kunya na guje wa, ga shi na sha ta duka, na haɗa da ƙafafun tsohuwar da ta fara yi min wanka a duniya. Ku kuma iyayenmu mata, idan kun ga jan fenti a bangonku, ku aika a tambayo a ofis, kada ku yarda da mai bin gida-gida ko da 'yar da kuka goya ce. Laka tana rufe jan, amma tsagar tana nan a ƙarƙashi.

Zan tsaya nan. Gabas ta fara duhu, kuma ban yarda da bangon madafin nan ba. Idan aka fara ruwa a can nake zama tare da ita, a tsakiyar ɗaki.