Kawu Mai Lauje na Bakin Tafki

Kowa a gidajen bakin tafkin Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, alhali ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a wurin. Masu son bambancewa su ƙara da Mai Lauje. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da gaɓar gidan wani tsohon likita, daga matakalar baranda har inda ruwa yake kai wa mutum ƙirji.

Aikin ba ya ƙarewa. Da hantsi zai zura dogon takalmin roba ya shiga ruwa, ya yanke dogayen ciyayi daga gindi, ya jawo kainuwa da manjagara, ya loda a baro ya kai bayan lambu su ruɓe su zama taki. Maƙwabta kuwa masu feshin maganin ciyawa suke kira sau biyu a shekara, kwana uku komai ya ƙone, a huta.

"Kawu, kai dai wahala kake so," in ji mai gadin gidan da ke kusa. "Ko kwaɗin nan surukanka ne?"

"Ai sun fi surukina zumunci," ya ce. "Su kullum sai sun gaishe ni."

Bai cika faɗin dalilinsa ba. Yana saurayi ya yi aikin feshi a wata babbar gona. Wata rana da aka tashi, ƙyuyar ɗebo ruwa ta sa ya wanke tankin a rafin da ke gefe. Washegari ya tarar kifi ya taso fari fat, ciki sama, tun daga inda ya tsuguna har kwanar rafin, ga wani zalɓe yana tangaɗi a tsakiyarsu ya kasa tashi. Ba wanda ya san shi ne. A ƙarshen makon ya ajiye aikin.

Matarsa ta rasu a shekararsu ta tara a gidan likita. 'Yarsu tilo ta yi aure a wani birni mai nisa. Ya rage daga shi sai gado da rediyo da tukunya guda a ɗakin da ke jikin sito. Abokin hirarsa likita ne. Da la'asar tsohon zai sauko yana dogara sanda, su zauna a benci, Kawu ya ba shi labarin gaɓa: kazar ruwa ta ƙyanƙyashe biyar, guza ya cinye ɗaya, bado ya fara fure, tarwaɗa ta dawo gindin kwalekwale. Likita ya riƙa gyaɗa kai kamar ana karanta masa halin da marasa lafiyarsa suka kwana.

Bayan rasuwar likita gidan ya yi wata shida a kulle. Kawu bai fasa aiki ba. Wani lokaci sai ya yi kwana huɗu bai ji muryar kansa ba. Daga nan babban ɗan marigayin ya zo da jarka biyu a bayan mota.

"Kawu, daga baranda ba na ganin ruwa sai daji. Ga magani nan, a feshe duka."

"Yallaɓai, ka ɗan biyo ni tukuna."

Ya kai shi bakin ruwa ya buɗe ciyawar da ƙotar lauje. Sheƙa ce a kan ruwa, da ƙwai shida a ciki.

"Ka ba ni mako uku," in ji Kawu. "Za ka ga ruwanka. In ban gama ba, ka kira masu feshi, amma ni hannuna ba zai yi ba."

Mutumin ya dubi furfurar Kawu, wanda ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana yaro, ya ce to.

Makonnin nan uku sun ci jikinsa. Ciyawa ta tsattsage masa tafin hannu, matsattsaku suka sha jinin ƙaurinsa, bayansa ya riƙe har sai ya dafa bango yake miƙewa. Ya buɗe gaɓar tas, ya bar wani gungu kamar faɗin ɗaki inda sheƙar take. Ɗan likita ya dawo, ya tsaya a baranda waya a kunne, ya ɗaga masa babban yatsa. Ba a taɓa buɗe jarkunan ba.

Sai dai kafin shekara ta zagayo an sayar da gidan. Sababbin masu shi suka ce katangar kankare za su zuba a gaɓar, da wurin ɗaure jirgi. Cikin mutunci suka sallame shi. Ranar da zai tafi ya je gindin wata bishiya inda ya ga kififiya ta yi haƙa ta saka ƙwai, ya tone su a hankali, ya jera su cikin bokiti da yashinsu. Tafiyar awa guda ya yi da ƙafa zuwa gefen da babu gidaje, ya binne su a can. Har yau bai san ko sun ƙyanƙyashe ba.

Yanzu yana wurin 'yarsa, a hawa na uku na wani dogon gini. Tana kula da shi, mijinta ma ba laifi, amma da safe kowa yake ficewa. Wata rana da ta dawo da wuri ta same shi a ƙofar ginin, ya naɗe wando, yana tsamo ledoji daga kwata da wani guntun ƙarfe yana zubawa a bokiti. Mutane na wucewa suna kauce masa.

"Baba, don Allah ka shigo. Sai a ce ba ma kula da kai."

"Ki hau, ga ni nan," ya ce, bai ɗago ba. "Saura kaɗan ruwan ya samu hanya."

Ta ɗan tsaya tana kallon bayansa, sannan ta karɓi bokitin sharar ta riƙe masa har ya gama.