Jinina a Kabarin Wata Mata

Shekarar da na yi bautar ƙasa a Madawa, ina koyar da labarin ƙasa a wani kwaleji, na yi wa wani mutum ƙarya guda ɗaya. Har yanzu ban iya cewa ƙarama ce ko babba ba. Zan faɗi abin yadda na tuna shi, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba.

Tun ina jami'a aka gano jinina irin wanda ba a cika samu ba ne. An zo neman masu ba da jini a makaranta, na bayar, bayan ƴan kwanaki aka miƙo mini wani ɗan kati mai harafin O da alamar ragi a gefensa. Matar da ta ba ni katin ta ce nawa yana shiga jikin kowa, ni kuwa sai irin nawa kaɗai. Wannan magana ta zauna mini a rai. Shi ya sa da na zo Madawa na kai kaina asibiti, na nuna katin ga mai labo, wato mai gwajin jini, don in wani abu ya same ni a san abin da ake ciki. Don kaina na je, ba don kowa ba. Shi kuwa, wani gajeren mutum mai yawan ba'a, ya rubuta lambata a bangon littafinsa ya ce, "Mushe, daga yau kai ne rijiyarmu. Kada in kira in ji salula a kashe." Mushe, wato malam, haka ake kiran mai koyarwa a can.

Ya kira wata Talata da hantsi, lokacin cirar albasa, ina tsakiyar darasi. An kawo wata mata daga wani ƙauye a bayan Tama, ta haihu a gida jini ya ɓalle. Nata irin nawa ne, a firjinsu babu ko leda ɗaya. Mijinta yana cin rani, ƴan uwanta maza ma haka. Tsohonta kaɗai ya biyo ta da tsohuwarta, an gwada su, nasu bai dace ba.

To, ranar Asabar da Lahadi da suka wuce na yi fama da zafin jiki da ciwon kai. Na sayi ƙwayoyi wurin mai tebur na sha, ranar Litinin na ji sauƙi, na ce gajiya ce.

A ƙofar labo na ga tsohon a tsugune a inuwar bango, hularsa a gwiwa. Bai san ni ba, amma da ya ga na nufi ɗakin sai ya miƙe tsaye. A ciki mai labo ya ɗora ni a sikeli, ya soki yatsana, yana tambayoyinsa da sauri kamar mai karanta abin da ya haddace.

"Ba ka yi masassara kwanan nan ba? Ba ka sha wani magani ba?"

Na ce, "A'a."

Na sha tambayar kaina dalili. Wani lokaci ina gaya wa kaina tsoro na ji kada a ce ban dace ba matar ta mutu. Wani lokaci kuma ina jin kunya ce kawai, kada ya ce ɗan boko ya ga allura ya ƙago ciwo. Wataƙila duka biyun ne.

Gwajin cututtukan da suke nema ya fito lafiya. Na kwanta a gadon ƙarfe, ya ɗaure mini dantse, ya ba ni wani dunƙulen roba ina matsawa. Ta taga ina jin nishin mace daga wani ɗaki, a hankali, yana tsayawa yana dawowa. Ban san ko ita ce ba. Da ledar ta cika ya ɗora mini ita a tafin hannu ya ce, "Yi bankwana da kayanka." Da ɗumi take, ta fi yadda na zata ɗumi. Na so in yi magana a lokacin. Kafin in buɗe baki ma'aikaciyar jinya ta shigo ta karɓe ta. Aka ba ni gwangwanin madara, na koma aji.

Washegari da la'asar zazzaɓin ya dawo mini, har haƙorana suna haɗuwa. Ban iya zuwa wurin mai labo ba, sai na je wani ƙaramin ɗakin shan magani a bakin kwalta. Suka gwada, suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ina fitowa da magani a hannu saƙon mai labo ya shigo salulata: "Matar ta rasu ɗazu. Allah ya ba ka ladarka, mushe."

Mako guda ban koyar da abin kirki ba. Na yi ta bincike a salula. Wasu bayanan sun ce ciwon da ya bi jini yana ɗaukar kwanaki kafin ya nuna, wasu kuma sun ce ga mai jego da ta galabaice komai na iya faruwa. Ban sami wanda ya ce mini ƙarara ba ni na kashe ta ba. Na riƙa tunanin jinin nan, rabin lita ko ƙasa da haka, yana kwance a cikin ƙasa a wani wuri da ban taɓa takawa ba, da ciwona a cikinsa.

Ranar Alhamis ta mako na biyu na fito daga aji na ga tsohon a ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, a ƙofar makaranta. Na ɗauka an gano, ya zo ne ya gaya mini a gaban ɗalibai. Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Mushe, ina hanƙurinmu?"

Gaisuwar mutuwa yake yi mini, ni, kamar ni ne aka yi wa rashi. Na amsa yadda ake amsawa, muka zauna a kan benci. Ya daɗe yana juya hularsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar jana'iza liman ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai wani hakki a kanta, kowa ya ce ya yafe. Bayan an watse uwarta ta ce akwai mutum ɗaya da ba a tambaya ba. Ɗiyarta ta tafi da kayan wani a jikinta, mai kayan kuma ba ya wurin. Tun ranar tsohuwar ba ta cin abin kirki, sai ruwa.

Na ce, "Baba, ai don Allah na bayar. Ba ni da komai a kanta. Ka gaya wa Inna na yafe."

"Haka liman yac ce mata, shi ma. Tac ce ita ba saƙo taka so ba. Ka zaka da bakinka ka hwaɗa ma yarinyar, ita kau ta ji da kunnenta."

Na ce zan duba ko makaranta za ta bar ni. Ya ce Asabar ba a lakkwal, wato makaranta, ya riga ya tambayi mai gadi.

Ranar Asabar muka shiga motar garin Buza, muka sauka a wata mararraba, muka hau baburan kabu-kabu biyu. Hanyar ta hau dutse, jar ƙasa da baƙaƙen duwatsu, sai can ƙasa a kwari ka hango koren garake, wato lambuna, da buhunan albasa a jere. Ƙauyen shiru yake. Mata da tsofaffi da awaki, ban ga namiji ko ɗaya mai shekaruna ba. Duk inda muka bi mata suna tsayar da daka su bi ni da ido, ba mai cewa komai bayan sannu. Ina jin kowa ya san ko ni wane ne.

Tsohuwar tana zaune a ƙofar ɗaki da jaririyar a cinya. Doguwa ce, ta rame har gyalenta yana zamewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar duka ba, ta ce, "Wane hannu?"

Na miƙa na hagu. Ta naɗe mini hannun riga da kanta, ta sa babban yatsanta daidai inda allurar ta shiga, ko da yake tabon ya ɓace. Ta daɗe a haka.

"Da anka sa mata shi, ta hwarka," in ji ta. "Ta zamna, ta nemi hura, ta ba ɗiyarta nono. Munka ce ta tashi. Amma ɗana, ba ita ɗai ta a jikin ba. Yarinyag ga tun tana ƙarama ba ta tambayar abu sau biyu. Ranan sai tac ce, Inna, an ruhe ƙohwa? Nic ce wace ƙohwa? Tac ce a koma a duba kwaɗon. Jim kaɗan ta sake. Ya hi sau biyar." Ta nuna bayanta da haɓa. "Duba ɗakinta. Ina kwaɗo?"

Asabari ne kawai a rataye a ƙofar.

Ni kowace safiya sai na koma na ja kwaɗon ɗakina sau biyu, wani lokaci sau uku, har na taɓa dawowa daga bakin kwalta don shi. Maƙwabtana a Madawa suna yi mini dariya a kai. Na san mai zafin ciwo yana iya faɗin komai. Na san a asibiti akwai ƙofofi da kwaɗuna, wataƙila ta ji wani ma'aikaci yana tambayar wani. Na san jini ba ya ɗauke da hali, na karanta wannan tun ina sakandare, a lise. Duk da haka na janye hannuna, na sauke hannun rigar.

Maƙabartar tana bayan gari, an kewaye ta da jeren duwatsu da ƙaya. Mata ba sa shiga, don haka tsohuwar ta tsaya a bakin duwatsun da jaririyar a baya. Ta ce in ɗaga murya. Tsohon ya kai ni gaban wani sabon tudu da aka danne da ƙaya, ya ja da baya taku biyu. Rana tana tsaka. Babu iska, babu kukan tsuntsu, ko jakin da muka bari yana kuka a gari ya yi shiru. Na yi sallama ga waɗanda ke kwance a wurin yadda aka koya mana. Na ji jijiyar hannuna tana bugawa daidai inda ta taɓa.

Kalma biyu ce aka kawo ni in faɗa. Na kasa. Na ga ba zan iya tsayawa a kanta ina yafe mata ba, alhali ni ne mai neman a yafe masa. Na juya wajen tsohuwar, na ce, "Inna, Baba, akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da na ba da jinin ban da cikakkiyar lafiya. Na yi masassara kwana biyu kafin nan. An tambaye ni, na ce a'a. Ban sani ba ko shi ne... ban sani ba. Amma na ɓoye."

Na jira tsohon ya ɗaga sandarsa, ko tsohuwar ta fasa kuka.

Sai ta ce, daga can bakin duwatsun, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa, "Ai ta hwaɗi."

Na ce, "Na'am?"

"Ta hwaɗi. Kahin la'asar ta kama hannuna, tac ce, Inna, mai jinin ga ba shi da lahiya, jikinai da zahi. A ce mishi ya sha magani." Ta gyara goyon. "Shi as sa nic ce sai na gan ka. Saƙo na, ba a riƙe ma mamaci saƙo. Ka sha?"

Na ce, "Na sha, Inna."

"Ka gama shi duka? Ku ƴan lakkwal da kun ji dama-dama sai ku yar."

"Na gama."

Tsohon ya yi gyaran murya a bayana. Bai dube ni ba, tudun yake kallo. Ya ce, "Tun bisa amalanken da munka kai ta asibiti jininta yaƙ ƙare, mushe, ni nar riƙe ta. Kwana guda da taƙ ƙara, har ɗiyag ga ta san nonon uwarta, da naka tay yi shi. Da zahinai da komi. In akwai laihi, mun yahe. Yanzu kai hwaɗa mata, rana na yi ma tsohuwag ga yawa."

Na juya ga tudun na ce na yafe. Tsohuwar ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har muryata ta dawo mini daga dutsen da ke gaba. Ta ce, "To." Ta juya ta kama hanyar gari, muka bi bayanta. A gida ta sa aka dama fura, ta sha rabin ƙwarya a gabana kafin ta miƙo mini sauran.

Ranar Litinin na je na gaya wa mai labo ƙaryar da na yi masa. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya wanke ni tas, ba ba'a ko ɗaya. Ya ce da na faɗa, da likita ya san abin da zai haɗa mata da shi, ko ya yanke abin da ya fi. Ya ce a ganinsa jinin da ya sake ɓalle mata ne ya tafi da ita, zazzaɓi ba ya aiki cikin yini ɗaya haka, amma shi ba zai rantse mini ba. Ya ja layi a kan lambata, ya ce kada in sake tako ɗakinsa sai bayan wata shida. Na tsaya a ƙofa ina tunanin ko in gaya masa saƙon da ta bar mini. Ya ɗago kai ya ce, "Da saura?" Na ce babu, na fita.