Ciyawar Tabuka ta tafi da Rafi'u

Inna Larai dai shekararta ashirin da huɗu a Jidda, umara ta zo ta zauna, ba iƙama, takardar zama, ba komai, aikatau take a wani gida a unguwar Abhur wajen wata madam mai suna Wafa', ita ta goya yaran gidan duk su ukun har ta aurar da babbar. To yanzu ido ya fara mutuwa, ranar nan ta zuba gishiri a shayin baƙi, madam ta ce halas ya Larai ki huta haka. Ita ma ta riga ta yanke, bayan salla za ta kai kanta tarhil, inda ake mayar da marasa takarda gida, a ɗau yatsunta a sa ta jirgi, kuma wanda aka ɗau yatsansa ba ya dawowa, kowa ya sani.

Abu ɗaya ya rage mata, ta ga Rafi'u. Ɗanta ne shi kaɗai, shekara biyar yana kiwon tumakin wani Balarabe can bayan garin Tabuka, shi ma ba takarda, ba ya iya ratso shingayen 'yan sanda ya zo. Tun sanyi na tsakiya yake turo mata murya a waya, Inna ki zo yanzu, Inna yanzu ne muna bakin gari. Direban gidan ma ya ce zai saka ta a mota cikin watan, zai kai kaya. Ta ƙi. Mutumiyar Jidda ce fa, esi ma in ya yi ƙarfi gwiwarta kumbura take, ta ji an ce can ruwa daskarewa yake a bokiti. Ta ce bari sanyi ya wuce tukuna, ai tumaki ba gudu za su yi ba.

Da sanyin ya wuce su madam suka shirya yawon rabi'i zuwa Tabuka, lokacin da ƙasar can ke yin kore, aka sa Larai a kujerar baya da jakar yara a cinya, mota mai iyali ba a cika tsayar da ita ba. Tafiya wuni guda cur. Wallahi ko da idon nata ta ga garin, itatuwa sun yi fure fari fat, iska mai daɗi ba gumi, mutane sun shimfiɗa darduma a bakin hanya suna ta hoto. Ita ko wayar Rafi'u take ta kira, kwana tara ke nan ba ta shiga.

Washegari da hantsi direba ya kai ta inda Rafi'u ya kwatanta, bayan kasuwar dabbobi. Shingen waya ne a buɗe, sai kashin tumaki da wata katifa da aka jingine. Wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da harawa, Hashim, shi ya zo ya tambaye ta wa take nema. Ta faɗa masa. Ya ce ai in ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro a sahara ba mai barin dabba a shinge tana cin abincin saye, loda su ake a manyan motoci a bi kore duk inda yake, makon jiya aka kwashe su, can wajen iyaka, ba hanya ba sabis.

"Yaushe za su dawo?"

"Sai ciyawa ta ƙone, ya Hajja. Wata uku, in shekarar ta yi kyau huɗu. Bana kuma ta yi kyau."

Ta zauna a kan damin harawa. Hashim ya ce yaron ya jira ta, har ya roƙi kafilinsa, Balaraben mai tumakin, a ƙara masa kwana biyu aka ƙi. Direba yana ta hon yana yalla ya Larai, madam na jira za a je ganin fure. Hashim ya ce ko akwai saƙo. Ta ce ya gaya masa ta zo, shi ke nan, ta zo.

Kwana huɗu suka yi a Tabuka, kullum tana bin yara da ruwa cikin ciyawa. Ranar komawa ta roƙi direba ya sake bi ta shingen, ya ce ba hanyarsu ba ce.