Cinyar Rago da Sujadar Sallau

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Dogon Dutsi ya san Sallau mahauci, ko bai san sunansa ba ya san dantsensa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya ɗaga gatari ya sauke a kan ƙashin sa ba ya maimaitawa. Fawa gadonta ya yi. Ubansa ya yi ta a wani ƙauye gefen Lugu, shi kuma ya shigo gari yana saurayi da wuƙa biyu da tabarma, ya sami gefen rumfa, bai sake ɗagawa ba har gemunsa ya yi fari.

Amma abin da ya fi taƙama da shi ido ne. A aza masa tsoka a faranti, sai ya latsa da babban yatsa ya ba ka tarihin dabbar. Wannan san jan ruwa ne, ya ƙare a bakin rijiya mai zurfi, dubi wuya da kafaɗa. Wannan saniyar ta sha tafiyar kiwo. Wannan kuwa ragon turke ne, dusa da harawa kawai ya sani, bai taɓa gudu ba. Mutane su yi dariya su ce Sallau ya cika baki. Ya cika bakin kam, sai dai da wuya ya kuskure.

Shekarar da ya haura sittin, bayan girbin hatsi, wani ɗan kabu-kabu ya kwashe shi da babur a bakin kwalta. Ƙafar dama ta karye a ƙasan gwiwa. Maɗori ya zo ya ɗora, Sallau ya yi wata uku a kan tabarma yana kallon rufin ɗaki, yana salla da ishara. Da aka kwance ɗaurin aka ɗauki hoto a asibiti, aka ce ƙashi ya haɗe sarai. Sallau ya ce alhamdu lillahi, washegari ya ɗauki sanda ya nufi masallacin unguwa.

A can aka yi abin da har yau ba ya son a tuna masa. Tsayuwa ta yi, ruku'u ya yi. Da aka zo gangarawa sujada sai gwiwar ta saki, ya faɗa kan dugadugan mutumin da ke gabansa. Ya yi ta yunƙurin tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da aka sallame mutum biyu suka kama hammatarsa suka tayar da shi. Mutumin da ke kayar da bijimi, ga shi ana ɗaga shi kamar buhun gero. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Is'haƙa tela, amininsa na shekara talatin, shi ya kawo kujerar roba daga shagonsa ya ajiye a ƙarshen sahu. Liman ya ce masa sallar zaune karɓaɓɓiya ce ga mai lalura, kada ya sa wa ransa damuwa. Sallau ya sani, bai yi musu ba. Amma duk lokacin da sahu ya gangara ƙasa ya bar shi a sama shi kaɗai yana duƙar da kai, sai ya ji kamar an shiga gida an bar shi a ƙofa. Ba ya neman ya koma kayar da shanu. So yake goshinsa ya taɓa ƙasa, ya kuma tashi da ƙafarsa ba da hannun kowa ba.

Sai ya shiga magani irin na mahauta. Tunda ƙafa ce ta lalace, ƙafa za a ci. Kullum Zalihatu matarsa na dafa masa ƙafar sa, ya sha romo, ya fasa ƙashi ya tsotse ɓargo. Kullum bayan asuba kuma ya taka har gindin dutsen nan da gari ya ci sunansa, ya dawo. Wata biyu yana haka. Ya yar da sanda, tafiya ta yi sauri, tumbi ya fito. Amma in ya gwada durƙusawa a tsakar gida, sai ya rarrafa ya kama ginshiƙin rumfa kafin ya miƙe.

"Romon ga dai ciki shika tsayawa, Malam," in ji Zalihatu. "Ban ga ya sauka ƙahwa ba."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Wata safiya aka kawo masa ragon suna ya gyara. Yana zaune a benci, ya rataye cinyar baya yana rarrabe nama, sai ya kama tsokar gaban cinya ya ja. Ƙafar ragon ta miƙe tsaf. Ya saki, ya kama ta baya ya ja, ƙafar ta lanƙwashe. Ya ga wannan sau dubu tun yana yaro, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Ran nan ya ajiye wuƙa. Ya ja, ya saki, ya sake ja. Sannan ya goge hannu ya aza a kan cinyarsa ta hagu, ya latsa da babban yatsa, ya koma ta dama. Ya ciro igiyar da yake ɗaure nama ya zagaye wannan, ya zagaye waccan. Ta dama ta gaza da faɗin yatsa uku, kuma laushinta ya san shi sarai. Naman ragon turke ne.

Yana nan riƙe da igiya sai ga Halilu, malamin motsa jiki a kwalejin gari, wanda ake ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ya zo sayen hanta yadda ya saba.

"Mushe, zo ka gani," Sallau ya ce, ya ja tsokar ragon. "Wagga ita ka miƙe gwiwa, ko ba haka ba? To tawa ta zube. Amma ni kullum ina tahiya. Mi ya hana ta dawowa?"

Mushe ya ajiye jakarsa ya duƙa yana kallo. "Baba Sallau, mu da hoto munka koyi wanga abu a lakkwal, makarantar boko, kai ga shi a hannunka. Tahiya bisa shimhiɗaɗɗar ƙasa ba ta tambayar tsokar ga abu mai yawa. Tashi daga ƙasa shi ka tambayar ta, ita da ta ɗuwawu. Wadda ba a ba aiki ba, ko ka sha romon garke guda ba ta tasowa."

"San jan ruwa," in ji Sallau a hankali. "Wuya da kahwaɗa."

"Shi ke nan, ka gama karatu."

Nan a rumfa Mushe ya nuna masa abin da zai yi. Ya zauna a benci ya tashi ba tare da dafa komai ba, a hankali, har sai cinya ta yi zafi. Ya jingina baya da bango ya ɗan sauka ya tsaya. Ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu, ya kama ƙofa ya yi ɗage. Ya kuma gargaɗe shi: zafin tsoka a daure, amma in cikin gwiwa ya soka a tsaya. Sallau bai yarda da ko ɗaya ba sai da ya aza hannu ya ji naman da ke tauri. Zama da tashi, gaban cinya. Ɗaga ƙugu, ɗuwawu da bayan cinya. Ɗage kuwa sha-raɓa ce, wadda shi kansa yake ba masu son nama mai jijiya.

Daga benci ya koma turmi a kife. Daga turmi ya koma 'yar kujerar da Zalihatu ke zama a bakin murhu, matan maƙwabta suna leƙe suna ƙunshe dariya, wai mahauci ya gaji kujerar mata. Kowace Juma'a yana gwada igiya. Makonni uku ba ta nuna komai ba, har ran nan ya yi jifa da ita bayan rumbu, ya ce tsufa ba ya jin magani. Zalihatu ta ɗauko ta ta kakkaɓe.

"Kai da ka ce ragon layya wata huɗu shika ɗauka kahin ya yi nama? Naka naman ya hi na rago gaugawa ne?"

Ya karɓi igiyarsa. A mako na biyar yatsa uku suka koma biyu. Abin ya riƙa ba shi tunani. Shekara arba'in da wani abu yana karanta jikin dabba, nasa kuwa da yake ɗauke da shi dare da rana bai taɓa tambayar yadda aka ɗinka shi ba, sai da ya ƙi masa aiki.

Ranar da aka kwana da ruwan shuka, bayan asuba, ya durƙusa a tsakar gida ya tashi sau uku bai taɓa ginshiƙi ba. Zalihatu na kallo, ta juya ta hau hura wuta tana share ido, ta ce hayaƙi ne.

Da azahar Is'haƙa ya ajiye kujerar roba a wurinta a masallaci. Sallau ya matsar da ita gefe, ya tayar da nafila. Ya yi ruku'u, ya gangara a hankali, goshinsa ya sauka a kan tabarma mai sanyin damina. Sai ya daɗe a wurin bai ɗago ba. Is'haƙa ya jira, ya ƙara jira, hankalinsa ya tashi, ya miƙe ya tsaya a bayansa da hannu biyu a shirye. Can Sallau ya ɗago, ya sake komawa, sannan ya kafa yatsun ƙafa. Cinyar ta yi rawa, ya ji daidai inda take ja, ta ɗauke shi ta tsayar.

Da ya sallame Is'haƙa ya ce, "Wallahi ka ba ni tsoro. Cewa nike ka kasa."

"Ban kasa ba, Is'haƙa," in ji Sallau. "Wata takwas rabona da wurin ga. Gaugawar mi nika yi?"

Ladan ya tayar da iƙama. Sallau ya miƙe ya shiga tsakiyar sahu, 'yan ƙwayoyin rairayi na manne a goshinsa, bai share su ba.